Makero a Jikin Kare, Makero a Jikin Yaro

Idan uwa ta kawo mini yaro da zagayayyen tabo a hannu ko a kumatu, mai ja a gefe, mai fari-fari a tsakiya, tambayata ta farko ita ce, "Mama, akwai kare ko kyanwa a gidanku?" Sau da yawa sai ta ce, "Allah ya kiyaye, mu ba ma ajiye kare." Sai in juya wurin yaron. Shi ba ya ɓoye magana. Zai ce akwai wata karya da ta haihu a bayan shagon mai gyaran babur, kuma shi da abokansa suna ɗaukar 'ya'yan idan manya ba sa kallo.

Saboda haka wannan ɗan littafi naka ne, ko kana da kare ko ba ka da shi. Ko kana zaune a New Bell cikin Duwala, ko kana ƙauye a ƙasar Ngaundere da karen farauta a ƙofar gida, cutar iri ɗaya ce, maganinta ma ɗaya ne. Ba ta kisa. Amma tana hana yaro zuwa makaranta, tana sa a yi masa dariya, tana cinye kuɗin gida a banza wajen sayen maganin da bai dace ba. Idan ta kama kai aka yi sakaci, takan bar tabon da gashi ba zai sake fitowa ba har tsufa.

Mene ne makero?

Ba tsutsa ba ce, ba sammu ba ne, ba kuma daga jini yake fitowa ba. Ka taɓa ganin fumfunar da ke fitowa a kan burodi ko takalmin fata idan ya kwana biyu cikin laima? Abin da ke kawo makero danginta ne. Sai dai shi ba burodi yake ci ba. Abincinsa gashi ne, da farce, da busasshen saman fata. Yana farawa daga wuri ɗaya, yana ci yana yin gaba ta kowane gefe, kamar wutar da aka sa wa ciyawa. Shi ya sa tabon yake zagaye, gefensa ja inda cutar take aiki, tsakiya kuma ta fara lafawa. Idan ya kama jiki muna cewa makero. Idan ya kama kai gashi ya kakkarye muna cewa ƙora. A asibitin Duwala za ka ji ana cewa "teigne" da Faransanci idan na kai ne.

Wannan fumfuna tana zuba iri, ƙanana ƙwarai, sun fi ƙurar gari ƙanƙanta. Ido ba ya ganinsu, sai da madubin likita. Suna manne a jikin gashin da ya karye. Gashin ya faɗi a kan buhu, ko tabarma, ko tsagar katako, irin yana nan da rai wata da watanni, har ya wuce shekara. Ka riƙe wannan magana da kyau, domin ita ce dalilin da mutane suke cewa, "Mun yi magani, ya dawo." Ba dawowa ya yi ba. Dama bai bar gidan ba.

Daga ranar da irin ya hau fata zuwa ranar da tabo zai bayyana, ana yin mako 1 zuwa 3. Lafiyayyar fata busasshiya ba ta cika kamuwa ba. Yana son fatar da ta jiƙe, ko wadda ƙuma ta ciza aka sosa, ko wadda reza ta ɗan kankare.

A nan ne Duwala take da nata hali. Ruwan da ake yi a shekara ya kusa mita 4, alhali a Marwa bai kai mita 1 ba. A watan Yuli da Agusta tufafi sukan kwana uku a kan igiya ba su bushe ba. New Bell kuwa unguwa ce da aka kafa tun zamanin Jamus, wajen 1914, baƙi daga arewa da yamma suka yi ta cika ta, Hausawa na cikin na farko. Yau gida yana jikin gida, lungu kamu biyu, kwata tana cika ta shiga tsakar gida idan an yi ruwa. Karen da ke kwana a ƙarƙashin teburan Kasuwar Kongo da dare, shi ne da safe yake kwance a bakin ƙofar da yara suke wasa. Zafi, laima, da cunkoso: fumfuna ba ta neman abin da ya fi haka.

Kada ka yi saurin ɗora wa kare laifi

Dole in faɗi gaskiya a nan, domin na ga an kashe kare a banza. Irin makero ba ɗaya ba ne. Akwai na dabba. Mafi yawa a jikin kare da kyanwa shi ne wanda likitoci suke kira Microsporum canis. Akwai wanda yake zaune cikin ƙasa, kare yakan kwaso shi a hanci da dagi idan yana tono. Akwai na ɓera da gafiya da bushiya, shi ne karen farauta yake samu idan ya cusa kai cikin rami. Akwai na shanu, wanda kake gani a fuskar maraƙi, fari-fari kamar an shafa toka kewaye da ido.

Amma akwai kuma na mutum zalla, wanda yake tafiya daga kan yaro zuwa kan yaro. A ƙasashenmu na yamma da tsakiyar Afirka, yawancin ƙorar da ke kan 'yan makaranta wannan ce, ba ta dabba ba. Ɗaya daga cikinsu ma sunansa Trichophyton soudanense, an ɗauko sunan daga Sudan, yadda Faransawa suke kiran ƙasashen nan namu a dā. Hanyarsa ita ce askar wanzami, da injin aski, da mataji, da hula, da matashin kai guda da yara huɗu suke kwana a kai.

To, yaya za ka gane? Na mutum yakan zo a hankali: amosani, gashi yana karyewa, ba zafi sosai. Na dabba yakan zo da fushi: ja ƙwarai, ƙaiƙayi, kumburi, wani lokaci da ruwa. Yakan fito a inda dabbar ta taɓa, wato hannu, wuya, ƙirji, fuska. Idan yara biyu ko uku sun kamu cikin mako guda bayan an kawo sabon kwikwiyo ko ɗan kyanwa, to ka duba dabbar. Kyanwa ta fi kare yaudara. Tana iya ɗauke da irin a jikinta, gashinta lafiya lau, ba tabo ko ɗaya.

Yadda za ka duba karenka

Ka fito da shi rana, ba cikin ɗaki ba. Na san da yawa cikin masu karanta wannan ba sa taɓa kare da hannu, saboda addini ko saboda al'ada. Ba laifi. Ko wanda yake taɓawa ma, a wannan hali ina so ya sa safar hannu, in babu ya zura hannunsa cikin leda.

Duba fuska, kunnuwa, ƙafafun gaba, da wutsiya. Makero yakan nuna kansa da wuri mai kamar kwabo inda gashi ya zube, fatar ta yi toka-toka da ɓawo. Gashin gefen wurin gajere ne, a kakkarye, in ka ja shi sai ya biyo hannu. Sau da yawa karen ba ya susa sosai. Kwikwiyo ya fi kamuwa, sai karen da yunwa ta ci, da mai tsutsar ciki, da tsoho.

Yanzu ga inda mutane suke ɓata kuɗinsu. Ba kowane kare mai zubar gashi ne yake da makero ba. Hasali ma, karnukan da kake gani a titi tsirara, fata ta yi kauri ta yi baƙi kamar ta giwa, yawancinsu ƙazuwa ce. Ƙazuwa ba fumfuna ba ce. Wani ƙwaro ne ƙarami da yake haƙa rami cikin fata. Mai ƙazuwa ba ya hutawa da susa dare da rana, har ya ji wa kansa ciwo. Tana fara cin gefen kunne, da gwiwar ƙafar gaba, da ciki. Ga wata dabara: ka murza gefen kunnen karen a hankali tsakanin yatsu biyu. Idan ƙafarsa ta baya ta fara harbawa kamar yana susa, zai fi yiwuwa ƙazuwa ce. Allurar ivermectin da malamin dabbobi yake yi tana kashe ƙwaron ƙazuwa, amma ba ta yi wa makero komai. Man makero kuma ba ya yi wa ƙazuwa komai. Ka ga amfanin sanin wanne ne.

Akwai ta uku, ita ma dangin fumfuna ce, mai kama da yis ɗin burodi. Sunanta Malassezia. Kullum tana nan kaɗan a jikin kowane kare, amma laima takan sa ta yi yawa. Alamarta wari ne mai tsami, fata mai maiƙo, baƙin datti cikin kunne, da ja tsakanin yatsun ƙafa da hammata. Karen yana ta girgiza kai yana lasar ƙafa. Wannan ba ta cika kama mutum mai lafiya ba. Wanka da sabulun magani da zan faɗa a gaba yana taimakonta, tare da busar da karen sosai. Kada ka zuba komai cikin kunnen sai malamin dabbobi ya leƙa.

Wanda zai raba maka gardama shi ne likitan dabbobi. Zai tsige gashi kaɗan, ya kankari fata, ya duba da madubi. Wasu suna da wata fitila mai shuɗin haske da take sa gashin da Microsporum canis ya kama ya yi ƙyallin kore cikin duhu. Wani lokaci sai an shuka gashin a ɗakin gwaji an jira mako 2 zuwa 3. A Duwala akwai likitocin dabbobi masu zaman kansu, akwai kuma ofisoshin ma'aikatar kiwo ta gwamnati, wato MINEPIA. A ƙauye, ka tambayi malamin da yake zuwa yi wa shanu allura. Ya san makero, domin yana ganinsa a jikin maruƙa kullum.

Maganin kare

Abu na farko, ka raba shi da yara. Ka ɗaure shi a wuri guda mai inuwa, wanda ruwa ba ya kwanciya, mai sauƙin shara. Daɓen siminti ya fi. Kada ka ɗaure shi cikin rana ko cikin ruwan sama da sunan horo, domin wahala tana ƙara wa cutar ƙarfi. Mutum ɗaya babba ne zai riƙa kula da shi. Kada ya zama mace mai ciki, ko tsoho mai rauni, ko mai ciwon suga, ko mai ɗauke da ƙanjamau.

Ka sa almakashi ka rage gashin da ke kewaye da tabon, kamar faɗin yatsa biyu. Kada ka yi da reza. Reza tana yanka fata, ta buɗe wa cutar sabuwar gona. Ka shimfiɗa takarda a ƙasa gashin ya zuba a kai, ka naɗe, ka ƙone. Almakashin kuma kada ya koma ɗakin ɗinki sai an wanke shi da ruwan jabel.

Sai wanka, sau 2 a mako. Ka nemi sabulun ruwa na dabbobi mai ɗauke da miconazole da chlorhexidine. Ka jiƙa dukan jikin, ba wurin tabon kaɗai ba, domin irin ya riga ya bazu cikin gashi. Ka bar kumfar minti 10 cif kafin ka ɗauraye. Yawancin mutane a nan suke kasawa: su shafa su wanke nan take, maganin bai ko fara aiki ba. Akwai kuma ruwan wanka mai suna enilconazole, da wani na farar wuta mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Waɗannan biyu ana surka su da ruwa yadda aka rubuta a jikin kwalba, a shafa, a bar su su bushe a jiki ba ɗauraya. Ka kiyaye ido da baki. Ka yi wankan da hantsi don karen ya bushe kafin yamma.

Idan tabo ɗaya ne ƙarami, kana iya shafa man clotrimazole ko miconazole, irin na mutane, safe da yamma. Ka shafa daidai lokacin da za ka ba shi abinci, don ya manta da lasa. Amma in tabon ya wuce ɗaya ko biyu, mai kaɗai ba zai isa ba. Cutar tana can cikin saiwar gashi inda mai ba ya kaiwa. Dole sai da maganin sha.

Magungunan sha su ne itraconazole, terbinafine, griseofulvin, da ketoconazole. Ban rubuta maka yawan da za ka ba kare ba, kuma da gangan na yi haka. Ana auna shi ne da nauyin dabbar, kuma abin da ya dace da babban kare zai iya kashe kwikwiyo. Likitan dabbobi ne zai faɗa. Abin da nake so ka sani shi ne, ba a ba karya mai ciki griseofulvin, domin yana lalata 'ya'yan cikin. Ketoconazole kuma yana wahalar da hanta, musamman ga kyanwa. Idan dabbar ta daina ci, ko tana amai, ko idonta ya yi rawaya, ka tsayar da maganin ka koma wurin wanda ya rubuta.

Za a yi mako 6 zuwa 8 ana wannan aiki, wani lokaci fiye. Gashi zai fara tsirowa tun kafin cutar ta mutu. Kada wannan ya ruɗe ka ka daina.

Na san wani zai ce, "Malama, kuɗin maganin yaro ma da ƙyar, balle na kare." Gaskiyarka. To ga abin da zan gaya maka. Kare mai ƙarfi, mai cin abinci, yakan warke da kansa cikin wata 3 ko kusa da haka. Amfanin magani shi ne ya gajarta kwanakin da yake zuba iri a gidanka. In ba ka da hali, ka yi abin da ba ya cin kuɗi da yawa: ka ware shi, ka ƙone gashin, ka ba shi abinci mai ɗan kifi ko ƙashi ba tuwo zalla ba, ka ba shi maganin tsutsa, ka cire masa kaska da ƙuma. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a kai shi bakin kasuwa a yar. Ka kai cutar ne wurin 'ya'yan wasu, su kuma za su kawo wa naka a makaranta.

Kada ka shafa masa baƙin man mota. Na san ana yi, har a kan tumaki. Yana ƙona fata, kare ya lashe ya shiga cikinsa ya zama guba. Haka kananzir, da man birki, da ruwan batir, da maganin feshin gona ko na auduga. Kada ka ba shi parasitamol don kana jin tausayinsa. Yana yi wa kare lahani, kyanwa kuwa ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta.

Wata magana a gefe, amma ta fi duk abin da na rubuta nauyi. Kare mai ciwo yakan yi cizo idan ana wanke shi. Ka ɗaure masa baki da tsumma mai laushi kafin ka fara. In ya cije ka ko ya yakushe ka, ka wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu har minti 15, ka tafi asibiti a ranar, ba gobe ba. Makero ba ya kisa, amma ciwon haukan kare in ya bayyana ba shi da magani. Tun da ka kai karen wurin likita, ka sa a yi masa allurar hauka gaba ɗaya. Karen titi wanda ba ka san shi ba kuwa, kada ka kama shi da sunan magani.

Gidan ma yana bukatar magani

Buhu ko tsumman da karen yake kwana a kai, ka ƙone shi. Ka yayyafa ruwa kaɗan a ƙasa kafin shara don kada gashi ya tashi sama. Ka wanke daɓen da sabulu tukuna, domin jabel ba ya aiki a kan datti. Sannan ka zuba kofi 1 na jabel cikin kofi 10 na ruwa, ka jiƙa wurin, ka bar shi minti 10. Ka yi haka sau 2 a mako muddin ana magani. Jabel na ƙasa ne da kwano da igiya. Ba na fatar kare ba ne, ba na fatar yaro ba. Kada kuma ka gauraya shi da wani maganin wanki.

Zanen gado, tawul, da rigunan yara, a wanke su da sabulu sau biyu, a shanya a rana. Da damina a Duwala, inda rana take wuya, a bi su da dutsen guga mai zafi. Tabarma da katifa a fitar da su duk ranar da gari ya buɗe.

Idan ya riga ya kama yaro

Uwa, wannan sashe naki ne. Idan tabon a jiki yake, ba a kai ba, ki wanke da sabulu, ki busar, ki shafa man clotrimazole ko miconazole safe da yamma. Ki wuce gefen tabon da faɗin yatsa guda. Man Whitfield ma yana yi, ya kuma fi araha, sai dai yana ɗan zafi, kada ki sa shi a fuska ko a matsematsi. Za ki yi mako 2 zuwa 4. Bayan tabon ya ɓace, ki ƙara mako guda. Ki yanke masa farce, ki ware masa tawul.

Ki kula da man da masu tallan magani suke sayarwa a kasuwa, wanda suke cewa yana maganin kowace cutar fata. Ki sa a karanta miki jikin kwalin. In akwai betamethasone ko clobetasol, ki ajiye. Su ne kuma suke cikin yawancin man bilicin. Suna kwantar da ja da ƙaiƙayi cikin kwana biyu, ki ce an dace. A ƙarƙashi kuwa fumfunar tana ta yaɗuwa, domin maganin ya ɗaure hannun jiki. Bayan wata guda sai a kawo mana yaro da tabo kamar faɗin faranti, wanda ya sake kama har mu ma da ƙyar muke gane shi.

In a kai ne, mai ba ya warkar da shi. Ni kaina na yi wannan kuskure a farkon aikina. Na ba wata uwa mai ta yi ta shafa wa ɗanta wata guda. Saman ya yi kyau, muka yi murna. Da ta dawo, da yara uku ta dawo. Ƙora sai da maganin sha. Wanda muka fi bayarwa shi ne griseofulvin, wajen miligiram 20 ga kowane kilo na nauyin yaro a rana, mako 6 zuwa 8 ba fashi. A asibiti za a auna shi a faɗa miki ƙwaya nawa. Ki ba shi tare da abinci mai maiƙo, kamar madara, ko miyar gyaɗa, ko mai manja, domin da maiƙo ne maganin yake shiga jini. Mace mai ciki ba ta shan sa. Mai shan ƙwayar tazarar haihuwa ta faɗa wa likita, domin yana rage mata ƙarfi. Mu gode da zamanin da muke ciki. Sai a 1958 aka fara ba mutane wannan magani. Kafin nan, a Turai, hasken hoton ƙashi ake haska wa kan yara har gashin ya zube duka.

Wani lokaci kan yaro yakan kumbura wuri guda, ya yi laushi kamar ruɓaɓɓen mangwaro, mugunya tana fitowa ta ƙananan ramuka, kaluluwa ta fito a wuya. Wannan ya fi zuwa daga irin na kare ko na shanu. Ba maruru ba ne. Kada ki bari wanzami ko wani ya tsaga shi. An taɓa kawo mini yarinya 'yar shekara shida da aka tsaga wa irin wannan har sau biyu a wani wuri. Ciwon ya warke da maganin sha, amma inda wuƙa ta bi, gashi bai dawo ba. Ki kawo yaro da wuri. A jiƙa ɓawon da ruwan ɗumi a cire a hankali, a fara magani.

Ki duba kan sauran yaran gida duka. Kowa da matajinsa da hularsa. Idan za a yi aski, ki ba da sabuwar reza, ko ki tsaya ki ga an wanke injin an goge shi da jabel ko barasar asibiti. Yaron da ya fara shan magani yana iya komawa makaranta ko makarantar allo. Ba sai an tsare shi a gida wata biyu ba.

Abu biyu kuma da ba na so ku ɗauka makero ne. Na ɗaya, tabo mai haske a fata, ba ƙaiƙayi, ba ɓawo, ya daɗe. Ka sa mutumin ya rufe ido, ka taɓa wurin da auduga. In bai ji ba, a zo asibiti a duba kuturta. Tana warkewa sarai da magani na wata 6 ko 12, kuma kyauta ake ba da shi. Na biyu, babban mutum wanda makero ya rufe masa jiki, ko yake ta dawowa duk da magani. Wannan a gwada jininsa, a duba suga da ƙanjamau. Ba abin kunya ba ne. Sau da yawa fata ce take fara kawo labari.

Masu kiwo da masu fataucin dabbobi, ku ma ku duba hannuwanku da gemunku. Shanun da ake saukowa da su daga Ngaundere zuwa mayankar Bonendale, da ragunan da suke cika lungunan New Bell kafin Babbar Salla, sukan kwana a matse cikin mota, mai cuta yana goga wa mai lafiya. Yara kuwa ba abin da suke so kamar rungumar ragon layya. In ka ga toka-toka a fuskarsa ko kunnensa, ka ɗaure shi nesa da su. Naman ba shi da laifi, ana ci. Mai fiɗa da mai ɗaukar fata ne za su wanke hannu da sabulu har gwiwa.

Ranar da za ki kawo yaro asibiti, kada ki shafa masa mai ko wani magani a wurin tun daga daren jiya, don mu ga tabon yadda yake, mu kuma iya kankara mu duba. Ki zo da kwalin duk abin da kika riga kika shafa, ko da ya ƙare. Ki zo da sauran yaran da suke kwana tare da shi. Kafin ki fito, ki tambaye su a hankali, ba da faɗa ba, wace dabba suka ɗauka cikin makonni ukun da suka wuce, kuma a gidan wa take.